Soket ko cajar bango: yadda ake zaɓen wayarin da ya dace da motar lantarki a gida

Wanda ya sayi motar lantarki yakan fara da tambayar wace caja ce ta fi sauri, alhali tambayoyin da ya kamata su riga wannan guda biyu ne: tafiyar kilomita nawa yake yi a rana, kuma wutar da ke shigowa gidansa nauyin nawa za ta iya ɗauka na tsawon dare ba tare da wani abu ya yi zafi ba. Caja aba ce da ake iya cirewa a maye gurbinta da wata cikin awa guda, amma kebul ɗin da aka binne a ƙasa ko aka fasa bango aka shigar, da bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa idan amfiya ta yi yawa) da na'urorin kariya da ke bayansa, su ne aikin da zai zauna shekaru masu yawa, kuma a kansu ne kuskure yake zama tsada ko haɗari.

Lissafin da komai ya dogara a kansa ba shi da wuya. Ƙarfin caji yana fitowa ne daga ninka boltej da amfiya, saboda haka a gidan da ke kan bolt 230, amfiya 10 na ba da kilowat 2.3, amfiya 16 na ba da kilowat 3.7, amfiya 32 kuma na ba da kilowat 7.4. Yawancin motocin lantarki suna cin yunit 15 zuwa 20 a kowace tafiyar kilomita 100, yunit ɗaya kuwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, wato dai abin da mita take ƙirgawa. Mai yin kilomita 50 a rana, ke nan, yunit 8 zuwa 10 yake buƙatar mayarwa cikin batir kowane dare. Da kilowat 2.3 wannan aikin awa huɗu ne zuwa biyar, da kilowat 7.4 kuma ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Cika batir mai yunit 60 daga ƙasa har sama wani lamari ne dabam, domin zai ci fiye da kwana ɗaya a ƙaramin ƙarfin, ya ci kimanin awa takwas ko tara a babban, sai dai ba kowace rana ake dawowa gida da batir fanko ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba sai bayan sun biya kuɗin aiki. Akwatin da ake kafawa a bango, duk da ana kiran sa caja, ba shi ne ke juya wutar gida ta AC zuwa wutar DC da batir ke sha ba. Ainihin cajar tana cikin motar. Aikin akwatin bango shi ne ya sanar da mota iyakar amfiyar da aka yarda ta ja, ya tabbatar da haɗin ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, sannan ya saki wuta ko ya yanke ta. Ma'ana, motar da cajar cikinta ba ta wuce kilowat 6.6 ba, kamar yawancin Nissan Leaf, ba za ta ɗauki fiye da haka ba ko da an kafa mata akwati mai kilowat 22. Don haka takardar bayanan mota ce abin da za a fara buɗewa kafin a kira ma'aikacin lantarki. Bayan haka, hanyoyi uku ne ake kai wa mota wuta a gida.

Hanya ta farko: soket ɗin da ke gida

Yawancin motoci ana iya yi musu caji da kebul mai ɗan akwati a tsakiya wanda ake soka shi a soket na yau da kullum. A ƙasashen bolt 230 irin wannan kebul yakan tsaya a amfiya 10 ko ƙasa da haka, a Amurka da Kanada kuwa, inda soket ɗin gida yake bolt 120, yakan ja amfiya 12, wanda bai wuce kilowat 1.4 ba. Kyawun wannan hanya shi ne kusan ba ta buƙatar sabon aiki, kuma ga mai gajeriyar tafiya ko mai motar da ke haɗa fetur da batir ƙarami, tana biyan buƙata.

Matsalarta tana cikin tsawon lokaci. Soket na gida an ƙera shi ne domin kayan da ke jan wuta na ɗan lokaci su huta, kamar dutsen guga ko tukunyar dafa ruwa, amma mota tana jan amfiyarta cur na awa shida ko goma ba tare da sassauci ba, dare bayan dare. Idan bakin soket ya saki, ko sukurun da ke riƙe da waya a bayansa bai ɗauru da kyau ba, wurin zai riƙa ɗumi a hankali, roba ta fara canza launi, ɗumin ya ƙara sakin haɗin, sakin kuma ya ƙara ɗumin. Bireka ba za ta ga wannan ba, domin amfiyar da ke wucewa ba ta haura ƙa'ida ba. Ga kuma cewa soket ɗin gareji sau da yawa yana layi ɗaya da firji ko injin wanki ko wasu soket na cikin gida. Abin da ya fi duka muni shi ne ƙara waya mai tsawo, musamman irin ta naɗi wadda aka bar ta a nannaɗe, domin zafin da ke cikinta ba ya samun hanyar fita.

Wanda ya zaɓi wannan hanya, to ya yi ta da gaskiya: a ja wa soket ɗin layinsa shi kaɗai daga akwatin rarraba wuta, a sa sabon soket mai ƙwari wanda aka yi domin jan wuta mai tsawo, a sa masa na'urar kariya daga yoyon wuta. Sai dai duk wanda ya kai ga jan sabon layi ya riga ya yi rabin aikin da cajar bango take buƙata, kuma a nan ne hujjar tsayawa kan soket take fara rauni. Akwai ma ɗan ƙarin asara, domin a caji mai rauni na'urorin cikin mota suna daɗewa a kunne, kason wutar da ke salwanta kafin ta isa batir yakan fi na caji mai matsakaicin ƙarfi.

Hanya ta biyu da ta uku: babban soket ko haɗi kai tsaye

A nan ne ainihin zaɓin yake ga mafi yawan masu gida. Duka biyun suna buƙatar sabon layi na musamman, bambancinsu yana ƙarshen kebul ne kawai. A hanya ta biyu ana kafa babban soket, kamar NEMA 14-50 mai bolt 240 da ake amfani da shi a Amurka, ko soket ɗin masana'antu mai launin shuɗi ko ja da aka sani a Turai da sauran wurare, sai a soka cajar da ke da filogi. A hanya ta uku babu soket ko kaɗan, wayoyin suna shiga cikin akwatin caja ne a ɗaure su a can.

Babban soket yana da amfani ɗaya tak da ba a musanta shi: ana iya zare caja a tafi da ita. Mai haya, ko wanda yake shirin tashi daga gidan, ko mai son ɗaukar cajarsa zuwa wani gida, wannan ya ishe shi dalili. Idan caja ta lalace kuma, canza ta ba ya buƙatar a kira kowa.

Amma kowane soket ƙarin mahaɗa ne, kowace mahaɗa kuma wuri ne da zafi zai iya taruwa. Zafin da ke fita daga waya ko mahaɗa yana ƙaruwa ne da ninkin amfiya a kanta, wato idan amfiya ta ninka sau biyu zafi yana ninka sau huɗu, saboda haka ɗan sakin da ba zai dami kowa ba a amfiya 10 yana iya narka roba a amfiya 40. Soket masu araha na wannan girman an yi su ne da tunanin murhun girki na lantarki, wanda ke kunnawa yana kashewa, kuma a kansu ne masu motocin lantarki suka fi kokawa da narkewa. Araha ba ta ado. Wanda zai bi wannan hanya ya nemi soket mai nauyi na masana'antu, ya kuma daina yawan zarewa da sokawa, domin hakan ne ke sassauta bakinsa.

Soket yana kuma sa iyaka ga ƙarfi. Dokar wayarin ta Amurka, wadda ake kira NEC, tana ɗaukar cajin mota a matsayin nauyi mai ɗorewa, kuma tana buƙatar layin ya iya ɗaukar kashi 125 cikin ɗari na abin da caja ke ja. Layi mai bireka ta amfiya 50 ba zai ba caja fiye da amfiya 40 ba, wato kilowat 9.6, mai son amfiya 48 kuma, wato kilowat 11.5, dole ya sa bireka ta amfiya 60 ya haɗa cajar kai tsaye. Sababbin bugun dokar sun kuma wajabta sa kariyar yoyon wuta a kan soket ɗin caji, kuma da yake cajar kanta tana da irin wannan kariya a ciki, wasu masu gida kan tashi da safe su tarar bireka ta faɗi cikin dare ba tare da wani lahani na gaske ba, mota kuma ba ta cika ba. Haɗi kai tsaye yana rage mahaɗa, ya fi jure ruwa da ƙura idan caja tana waje, kuma ba ya barin wani buɗaɗɗen soket mai ƙarfi inda yara ke wasa. A ganina, duk wanda gidan nasa ne kuma yake da niyyar zama, haɗi kai tsaye ya fi masa, ba tare da dogon nazari ba.

Fes ɗaya ko fes uku

Inda gida yake da fes uku, wato wayoyi uku masu wuta ke shigowa maimakon ɗaya, kamar yadda aka saba a Jamus da ƙasashe da dama na Turai, amfiya 16 a kowane fes na ba da kilowat 11, amfiya 32 kuma na ba da kilowat 22. Kilowat 11 a fes uku zaɓi ne mai kyau ƙwarai, domin nauyin ya rarrabu, kowace waya amfiya 16 kawai take ɗauka, zafi kuma kaɗan ne. A Jamus ma an kayyade abin da na'ura ɗaya za ta ja daga fes ɗaya zuwa kimanin amfiya 20 domin kada nauyi ya karkata gefe guda, kuma cajar da ta haura kilowat 11 sai da izinin kamfanin rarraba wuta. Kilowat 22 kuwa a gida kusan kullum ɓarnar kuɗi ce, domin motocin da ke iya karɓar sa ta wutar AC kaɗan ne, irin su Renault Zoe, kuma motar da ke kwana a gida ba ta da gaggawar da za ta sa a cika ta cikin awa uku.

Akwai wani tarko da ya cancanci a ambata. Motar da cajar cikinta ta fes ɗaya ce, idan aka soka ta a akwati mai kilowat 11, fes ɗaya kawai za ta sha a amfiya 16, wato kilowat 3.7, rabin abin da za ta samu a akwatin fes ɗaya mai amfiya 32. Gidan da fes ɗaya gare shi, kamar yawancin gidajen Birtaniya, ba shi da dalilin neman a jawo masa fes uku saboda mota ɗaya. Kilowat 7.4 na awa takwas ya kusa yunit 60, wanda ya fi abin da mafi yawan direbobi ke ci a kwana biyar.

Kaurin kebul

Idan akwai wurin da ya dace a wuce ƙa'ida da gangan, to nan ne. Ga caja mai amfiya 32, kebul na jan ƙarfe mai milimita murabba'i 6 shi ne wanda aka fi amfani da shi, amma wannan lamba tana da sharuɗɗa: tsawon tafiyar kebul, zafin wurin da ya ratsa, ko yana cikin bututu tare da wasu wayoyi, ko kuma ya bi ta cikin abin da ke riƙe zafi a rufin ɗaki. Teburan dokar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, sun nuna cewa kebul mai milimita 6 yana zubar da kimanin milibolt 7.3 a kowace amfiya a kowace mita, mai milimita 10 kuma 4.4. A tazarar mita 30 da amfiya 32, mai milimita 6 zai zubar da bolt 7, wanda ba laifi. A mita 50 kuwa zai kai kusan bolt 11.7, ya ɗan haura iyakar kashi 5 cikin ɗari da dokar ta ba da shawara, kuma wannan na nufin sama da wat 370 suna zama zafi a cikin kebul duk tsawon lokacin caji, alhali mai milimita 10 zai tsaya a bolt 7. Mita tana ƙirga wannan asarar kamar yadda take ƙirga abin da ya shiga batir.

A tsarin Amurka ma akwai makamancin wannan kuskure. Waya mai lamba 6 a ma'aunin kauri na Amurka idan tana cikin kebul mai rigar roba da ake kira NM-B, amfiya 55 aka yarda mata, wanda bai kai 60 ɗin da caja mai amfiya 48 ke buƙata ba, amma waya mai wannan lambar idan irin ta THHN ce, mai rigar da ke jure zafi, a cikin bututu ta isa. Kauri ɗaya, hukunci biyu, saboda bambancin zafin da doka ta yarda kowace ta kai.

Abin da ke cin kuɗi a aikin wayarin yawanci haƙa ne da fasa bango da ladan ma'aikaci, bambancin da ke tsakanin kebul da wanda ya fi shi kauri kuwa ƙarami ne idan aka kwatanta. Saboda haka idan za a haƙa rami zuwa gareji, hikima ita ce a sa kebul mai sulke wanda ya fi buƙatar yau, ko a binne bututu mai faɗi wanda za a iya zura wani kebul a ciki nan gaba, a haɗa da wayar sadarwa ta intanet tun ramin yana buɗe. Alminiyam ya fi jan ƙarfe araha kuma yana aiki a doguwar tazara idan an ƙara kauri, amma caja da yawa ba su yarda a ɗaura shi a bakinsu ba, don haka a duba littafin cajar kafin a saya.

Kariya daga yoyon wuta da haɗin ƙasa

Bireka tana kare kebul ne daga yawan amfiya. Mai kare mutum ita ce na'urar da ke gane yoyon wuta, wadda ke yanke layi idan miliamfiya 30 suka bi wata hanyar da ba tasu ba. Motar lantarki ta zo da wata matsala ta musamman a nan, domin lahani a cikinta yana iya sakin yoyon wutar DC zuwa layin gida, kuma idan wannan ya haura miliamfiya 6 yana iya dushe na'urar kariya ta yau da kullum har ta kasa faɗuwa a lokacin da ake buƙatarta. Mafita biyu ce: ko a sa na'ura nau'in B, wadda ke gane kowane irin yoyo amma tana da tsada, ko a sa nau'in A tare da cajar da ke da mai gano miliamfiya 6 na DC a cikinta. Yawancin cajojin bango na yanzu suna da shi, kuma caja mai arahar da ba ta da shi takan fi tsada a ƙarshe idan aka haɗa da kuɗin nau'in B. Tsohon nau'in AC bai dace da wannan aiki ba sam.

Haɗin ƙasa kuma ya dogara da tsarin da kamfanin wuta ya kawo. A inda wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, da ta ƙasa suke haɗe a layin kamfani, idan wannan waya ta tsinke a waje, jikin motar da ke kan caji yana iya ɗaukar wuta, mutum kuma yana tsaye a ƙasa ya taɓa ƙarfe. Dalilin da ya sa ke nan dokar Birtaniya ta buƙaci ko dai a kafa wa cajar da ke waje sandar ƙasa tata, ko a yi amfani da cajar da ke gane wannan tsinkewa ta raba motar da layin gaba ɗaya. Wannan ba abu ne da ido ke gani ba, sai an auna, kuma shi kaɗai ya isa dalilin da zai hana mai gida yin aikin da hannunsa.

Ƙara ƙarfin layin gida ko raba abin da ake da shi

Gida mai babban fiyus na amfiya 60, idan aka ɗora masa caja mai amfiya 32 a kan na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki da hita ta ruwa, lissafi ba zai fita ba. Mafita ta gargajiya ita ce a nemi kamfanin wuta ya ƙara ƙarfin layi, a canza akwatin rarraba wuta, wani lokaci har da kebul ɗin da ya taso daga titi, aikin da kan ɗauki lokaci kuma ya fi cajar kanta tsada. Mafita ta biyu ita ce caja mai daidaita nauyi. Ana maƙala ɗan zobe mai auna amfiya a babbar wayar da ke shigowa gida, cajar tana karanta abin da gidan ke ja a kowane lokaci, idan aka kunna murhu ta rage abin da take ba mota, idan gida ya yi barci ta mayar da shi. Ƙa'idar duniya ta cajin mota, IEC 61851, ta ba da damar saukar da caji har zuwa amfiya 6, wato kimanin kilowat 1.4 a bolt 230, kuma ƙasa da haka sai dai a dakata. Wannan iyaka ce kuma ke aiki ga mai son cajin mota da rarar wutar sola.

Tun da yawancin caji cikin dare ake yin sa, lokacin da sauran kayan gida suke a kashe, mai daidaita nauyi ba ya jinkirta mota sosai, kuma ga gida mai mota ɗaya ko biyu shi ne ya fi ma'ana. Ƙara ƙarfin layi yana zama dole ne idan akwatin rarraba wutar ya tsufa har ya cancanci canji ko da babu mota, ko idan ana shirin mayar da girki da ɗumama ruwa duka kan lantarki. Akwai ma mafita ta uku mai sauƙi da ake mantawa da ita: a kafa caja mai amfiya 32 a kan kebul da ya isa, amma a saita ta a amfiya 16 ko 20 daga ciki, a ɗaga ta ranar da layin gida ya samu ƙari.

Ko wace hanya aka bi, akwai abubuwan da mai gida yake da haƙƙin gani da idonsa kafin ya sallami ma'aikaci. Ya ga an ɗaure sukurorin bireka da na caja da sukundireba mai auna ƙarfin ɗauri daidai da adadin da kamfanin ya rubuta, domin ɗaurin hannu da ƙiyasi shi ne asalin yawancin mahaɗun da ke ƙonewa. Ya ga an gwada na'urar yoyon wuta da na'urar gwaji an rubuta lokacin da ta ɗauka kafin ta faɗi, an auna haɗin ƙasa, an kuma ba shi takardar sakamakon tare da shaidar sanar da kamfanin wuta ko hukumar da abin ya shafa idan dokar ƙasarsa ta buƙaci haka. Sannan a soka motar a bar ta tana jan cikakken ƙarfi na awa ɗaya, a dawo a duba bireka da bakin caja da filogi, da na'urar auna zafi idan akwai. Ɗan ɗumi ba laifi ba ne, amma wurin da hannu ba zai iya daɗewa a kansa ba, ko wari irin na roba, yana nufin a kashe layin a sake buɗe mahaɗar a ranar.